Tubali Huɗun Maiwada

"Daga Tasawa har Mayahi babu kan da ya san logaritim sai wannan," in ji Maiwada, yana ƙwanƙwasa goshinsa. "Mu biyu muka iya, ni da Nasara. Nasara kuwa ya koma gida."

Abokina, bari ka ji asalin ilimin. Wata uku Maiwada ya yi yana ja wa wani Bature mai awon hanya sarƙa, shekarar da aka samu 'yancin kai. Da Baturen zai tafi ya manta wani littafi, ba labari ba hoto, lambobi ne zalla kamar tururuwa a sahu. Da shi gogan ya dawo Korgom, ya sayi tabarau, ya ce a riƙa kiransa Mushe Logaritim, yadda ake kiran malaman boko. Mutane suka ce sunan ya yi tsawo, suka bar shi a Loga.

Bayan kakar gyaɗa saƙo ya zo daga Tasawa cewa za a turo malamin lakwal, wato makarantar boko. In ya tarar da ɗakin karatu ya zauna, in babu a wuce da shi Urafan. Tsohon magini Ƙadri ya auna fili da taki, ya ce, "Sahu arba'in nake so, kowane sahu tubali ɗari biyu da hamsin. Jimillar ce ta fi ƙarfin yatsuna."

"Yatsu?" Loga ya yi tsaki. "Baba, an daina ninkawa. Tarawa ake yi yanzu."

Nan kam gaskiya ya faɗa. Kowace lamba tana da abokiyarta a littafin. Ka tara abokan biyu, sannan ka koma ciki ka nemo lambar da ke da wannan jimilla. Komawar nan ce Loga bai taɓa gani ba, don duk sanda Bature ya kai wurin, an riga an aike shi dafa shayi.

Ya lashi yatsa, ya buɗe. Arba'in ta ba shi 1.602, ɗari biyu da hamsin ta ba shi 2.398. Ya tara a ƙasa, ya miƙe yana karkaɗe riga.

"Huɗu cif."

"Huɗu me?"

"Tubali huɗu."

"Maiwada, ko akurkin kaza ya fi cin haka."

"Baba, bango nawa ne a ɗaki?"

"Huɗu."

"To ka gani. Kowane bango tubali guda. Littafi ba ya ƙarya."

Dattawa suka dubi juna, suka ga maganar ta zauna. Kwana tara ana kwaɓa, jakunan gari suka rame da jigilar ruwa, aka shimfiɗe tubali huɗu a ƙasa, kowane ya isa a yi sallar jam'i a kansa.

Na farko ya tsage biyu da rana ta buge shi. Loga ya ce ƙofa ce, littafi ya san da ita. Na biyu ƙarti ashirin suka ɗaga shi da igiya har gwiwa, ya kuɓuce ya maida amalanken Ƙadri faranti. Na uku ya ƙi motsi, awaki suka tare a kai. Na huɗu Loga ya hau da kansa don ya nuna wa jahilai inda ake kamawa. Ashe cikin bai bushe ba. Ya nutse har ƙugu.

Ana cikin jansa motar gyaɗa ta sauke Mushe Amani, sabon malami. Ya ji bayani, ya karɓi littafin daga hannun Loga da ke sama, ya duba lissafin.

"Tarawarka daidai ce, malam. Amma huɗun nan ba tubali ba ne. Goma ce ta ninka kanta sau huɗu. Ɗaya za ka rubuta, ka jera mata sifiri huɗu. Dubu goma ke nan."

"Dama nan zan zo," in ji Loga daga cikin laka.

Mushe Amani ya ce a kafa masa rumfar zana, ba inda za shi, don bai taɓa ganin garin da ke buƙatar lakwal kamar wannan ba.

Inna Maryamu mai ƙuli-ƙuli ta matso tana leƙen abin da ya zana a ƙasa.

"Mushe, sifiri nawa ka ce?"

"Huɗu, Inna."

"Sake ƙirgawa, ɗana. Ga na biyar can ana ciro shi."