Garin Kunun Da Na Haɗa Wa Ɓarayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da baƙi daga ƙasashen waje suka zo Birnin Kudu ganin garin kununa ba, kuma duk lokacin da na tuna sai in ji maƙogwarona yana zafi.

Ni 'yar Sara ce ta ƙasar Gwaram, aure ne ya kawo ni nan. Boko ban yi nisa ba, firamare ma da ƙyar na kai ƙarshe, amma Allah ya ba ni ido. In mutum ya shigo gidana da sabon takalmi sai na gani, kuma sai na tambayi kaina dalili. Maigidana ɗan acaɓa ne, 'yarmu ɗaya, Ummi (sunan surukata ta ci, shi ya sa muke sakaya mata). Lokacin da na fara ba ta abinci yarinyar nan ta rame, duk ranar awo ma'aikaciyar asibiti sai ta kalli sikeli, ta kalle ni, ta sake kallon sikeli. Ina komawa gida in zauna in yi ta taɓa haƙarƙarinta ina kuka. Inna ce ta zo daga Sara ta koya min haɗin da ta raine mu da shi: gero, waken suya, gyaɗa, da wasu abubuwa da ko a nan ba zan faɗa ba. Ummi ta murmure har kumatu suka fito, mata suka fara tambaya ta me nake ba ta, daga nan na fara ƙullawa a leda ina kaiwa bakin asibiti ranakun awo da rigakafi.

Ba ni da halin buga takarda mai suna a jikin leda, sai na riƙa ɗaure bakin kowace da jan zare, da wani irin ƙulli nawa da yake fitowa kamar kunnen zomo. Ba a jima ba sunana ya ɓace, na koma Mai Jan Zare. Uwa za ta aiko daga ƙauye ta ce a sayo mata na mai jan zare, in babu a dawo da kuɗinta. Wannan sunan shi ne duk abin da na mallaka a duniya bayan Ummi.

Sai ga gwaggona ta zo min da leda daga kasuwar Gwaram, jan zare a bakinta, har da kunnen zomon. Ta ce, "Ke 'yar nan, kin fara ha'inci ne? Wannan ai gero ne da sukari." Na karɓa na lasa. Ba nawa ba ne. Wata ce can ta ga zare yana ci ta ɗauka. Tun daga ranar zargi ya shige ni. Mace ta tsaya ta daɗe tana shinshina ledata, sai in ce a raina wannan aikowa aka yi. Har mai injin niƙa na daina yarda da shi, na koma kai kayan kashi kashi, wani wajensa, wani in daka a turmi.

Ana cikin haka Yaya Sabi'u ya yi sallama. Yayan maigidana ne, ma'aikaci a sashen kasuwanci na ƙaramar hukuma, mutum mai natsuwa wanda ko ido ba na iya haɗawa da shi. Shi ba mai yawan zuwa gidanmu ba ne in ba salla ko suna ba. Ranar kuwa ya zo da sabuwar jaka da wani kati rataye a wuya. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa. Bai sha ba, ledar garin ya ɗauka daga faranti yana jujjuyawa.

"Maman Ummi, wani kwas muke yi a Dutse," in ji shi. "Ni da ma'aikata daga ƙasashe daban daban. Ana koya mana dokar da ke kare alamar kayan mutum da abin da ya ƙirƙiro, don kada wani ya kwaikwaya. An ce kowa ya nemo misali daga garinsu, ni kuma na tuna da labarin matar Gwaram ɗin nan da ta kwaikwayi zarenki."

"To, Yaya."

"Za su zo sakatariya ranar Laraba. Ki kawo samfuri, kamar yadda kike ƙullawa."

Ya ciro waya ya ɗauki hoton ledar ta gaba, ya ɗauka ta baya, ya ɗauki ƙullin kusa kusa. Ni dai ina durƙushe ina cewa to, amma a raina na riga na fara lissafi. Mutanen da suka hau jirgi suka baro ƙasashensu, su rasa abin gani sai ledar garin kunu? Kuma na tuna matarsa, Anti Rabi, ta taɓa tambaya ta me ke ba garin nan ƙanshi (sau ɗaya ta tambaya, a gidan biki, amma ni na ajiye). Na haɗa wannan da wancan, lissafi ya fito min sarai: za su tafi da samfurin, su zuba a na'ura, na'ura ta karanto musu haɗin Inna kaf, bayan 'yan watanni in gan shi a gwangwani a kanti da hoton jaririn wasu.

Da maigidana ya dawo na gaya masa. Ya yi dariya har ya ƙware da tuwo.

"Yaya Sabi'un ne zai saci kunu? Mutumin da ko shayi ba ya iya haɗa wa kansa?"

"Ai ba shi zai dama ba, sayarwa zai yi."

"Ke dai ki kai abin da aka ce, kar ki ba ni kunya."

Na kira Inna a waya. Ta ce, "Haɗin nan kar ki faɗa wa kowa, ko da wa ya zo." Iyakar abin da ta ce ke nan, Allah ya gani. Sauran duk dabarata ce.

Ranar Talata da rana, bayan maigida ya fita, na haɗa gari na musamman. Na ce tunda na'ura ce za ta karanta, bari in ba ta abin karantawa. Na zuba barkono, irin ƙananan nan masu sa mutum ya tuna zunubansa. Na ƙara masoro, na ƙara kanwa, na barbaɗa garin kuka don ta ƙara rikicewa. Da yake waken suyan soyayye ne, launin bai tona ni ba. Na ƙulla da jan zare, kunnen zomo ya fito tsaf. Har na tsaya ina kallon ledojin ina jin daɗin kaina, ina cewa yau 'yar firamare za ta koya wa masu jirgi hankali.

Laraba na goya Ummi, na sa mayafina na fita unguwa, na tafi. Ɗakin taron ya cika fiye da yadda na zata. Ga baƙin a gaba, kowa da kati a wuya, wasu baƙaƙe irinmu, wasu jajaye, akwai wani dattijo daga Nijar mai Hausa rangaɗau. Abin da ya fara tayar min da hankali shi ne bayan ɗakin. An gayyato mata masu ƙananan sana'o'i, masu sabulu da masu man gyaɗa da masu turare, kuma rabinsu masu sayen garina ne. Anti Rabi ta tare ni a ƙofa ta karɓi ledojin, ta ce in je in zauna a gaba. Na miƙa mata ina kallon ƙasa, a raina ina cewa an zo wurin.

Malamar da ke koyar da su wata doguwar mace ce mai furfura da tabarau, tana Turanci Yaya yana juya mana. Ta sa aka haska hoton ledata a bango, ƙaton gaske, kunnen zomona ya kai girman tabarma. Ta ce wannan zaren da ƙullin su ne ke sa uwa ta gane kayan wa take saye, kuma in aka haɗa su da suna aka yi musu rajista, doka za ta iya hana wani amfani da su. Ta tambayi ɗalibanta yadda za a yi da matar Gwaram a dokar ƙasar kowannensu, suka yi ta musu da juna kamar a zauren mai unguwa. Sai wani ya ɗaga hannu ya yi tambaya, malamar ta girgiza kai.

Yaya ya juyo ya ce, "Ya tambaya ko za a rubuta abin da ke cikin garin. Ta ce a'a. Yadda kike haɗa shi sirrinki ne, ba mai ikon tilasta miki ki faɗa a nan, kuma riƙe shi da kika yi shi ne kariyarsa. Su zaren kawai suka zo gani."

Na ce a raina ba komai, tunda zare suke so, su kwance zarensu su ba ni ledojina in tafi. Na waiga neman Anti Rabi. Ba ta nan. Daga wani ɗan ɗaki na gefe na ji atishawa, na sake jin wata.

Sai ga ta ta fito da babban tire, kofuna jere, tururi yana tashi. Ashe baiwar Allah nan tun daga gida ta zo da filas ɗin tafasasshen ruwa, wai don ta fitar da ni kunya, baƙi su ɗanɗana kayan ƙanwarta. Tana rabawa tana share hanci tana cewa, "Yau kin cika citta, Maman Ummi."

Malamar ta hango Ummi a bayana, fuskarta ta washe, ta yi wata magana. Yaya ya ce, "Ta ce ga shaidar kaya nan a goye. Ki sauko da ita a ba ta, za su ɗauki hoto." Kafin in yi motsi Anti Rabi ta kwance min goyon, ta ɗora yarinyar a cinyata, ta ɗauki kofi ta ɗebo cokali tana hurawa. Ummi kuwa ta ga kunun da ta saba sha, ta wangale baki kamar ɗan tsuntsu.

Ban san lokacin da na fizge kofin ba. Na ce, "Uwa ce ke fara ɗanɗanawa." Na kafa kai. Na so in kurɓa kaɗan in ajiye, amma na ga cokalin yana hannun Anti Rabi yana jira, in na rage za ta ba ta. Na lashe na cokalin, na shanye na kofin tas. Jama'a, na sha yaji a rayuwata, na yi jego, amma ban taɓa jin kunnena yana fitar da iska ba sai ranar. Hawaye ya wanke min kwalli, hanci ya tsinke, ga masu waya sun kewaye ni suna ɗauka. Ummi ta ga an shanye mata ta fasa ihu.

A lokacin baƙi sun riga sun kai nasu baki. Dattijon Nijar ya ajiye kofi a hankali, ya cire hula ya share kai, ya ce, "Hajiya, jariran Jigawa jarumai ne." Wani daga cikinsu ya ruga waje yana tari. Wata mata kuwa, ban san ƙasarsu ba, ta shanye nata tana gyaɗa kai, har tana neman ƙari. Daga bayan ɗaki na ji muryar Maman Sadiƙu, wadda ba ta fashin saye a wajena, tana cewa, "Wai dama abin da muke ɗura wa 'ya'yanmu ke nan?"

Nan ne na gane na shiga tsaka mai wuya. In na yi shiru, kafin la'asar labari ya kai bakin asibiti cewa garin Mai Jan Zare barkono ne, babu uwar da za ta sake taɓa ledata. In na yi magana, sai na faɗa a gaban yayan mijina abin da na ɗauke shi. Na miƙe da Ummi a kafaɗa, murya a shaƙe, na ce, "Wannan ba shi nake sayarwa ba. Na musamman na haɗa. Na zaci za a kai na'ura a sace min haɗin."

Yaya Sabi'u ya cire tabarau ya dube ni, kallon da har yau nake gani.

"Wato mu ne ɓarayin."

"Ba kai ba, Yaya."

"To su wa? Ni na kawo su."

Malamar tana ta tambayar me aka ce. Wannan shi ne mafi muni, don dole shi da bakinsa ya juya mata da Turanci cewa matar ƙaninsa ta ɗana masa tarko. Ta saurara, ta dafe tebur, ta yi dariya har ta cire nata tabarau. Ta ce, in ji Yaya, ta daɗe tana koyar da hanyoyin kare sirrin sana'a, amma ba ta taɓa cin karo da wannan ba, kuma ba za ta ba kowa shawarar ya gwada ba.

Sunana bai mutu ba, amma ya yi jinya. Makonni na yi ina buɗe leda a gaban kowace uwa in lasa kafin ta yarda ta karɓa, har na ƙoshi da garin kaina. Anti Rabi ta yi fushi na gaske, sai da na je har gida na ba ta haƙuri, ta ce ba zargin ya fi ɓata mata rai ba, atishawar da ta sha ce. Yaya bai sake tayar da maganar ba, shi ne ma yake bin min zancen rajistar. Sai dai duk ranar da ya zo na kawo masa ruwa, yakan riƙe kofin ya ce, "Maman Ummi, na mutanen gida ne ko na baƙi?"

Zargi dai ban daina ba, ba zan yi muku ƙarya ba, jiya ma na bi wata mai shinshina da harara. Abin da na koya shi ne, in zan sake haɗa wa ɓarawo wani abu, zan haɗa daidai wanda zan iya shanyewa.