Ranar da Motata Ta Riga Ni Sallama

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da motata ta riga ni yin sallama a ƙofar gidan surukina ba. Har yau idan na ji wani ya danne hon ya ƙi saki, sai in ji gumi yana tsattsafo mini a ƙeya.

Lokacin mulkin farar hula ne na biyu, wajen ƙarshensa, da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sabulu da madara sai an bi layi, kayan gyaran mota kuwa sun ɓace daga kasuwa. Ni malamin firamare ne a Bodinga, ina koyar da kimiyya, kuma ina da wata tsohuwar mota baƙa da ta ratsa hannaye da yawa kafin ta faɗo hannuna. (Ƙofar baya da igiya nake ɗaure ta, amma duk da haka mota ce, kuma a makarantarmu ni kaɗai ke da ita.) Tun da ina koya wa yara yadda batir ke kunna ƙwan tocila, na ɗauki kaina injiniya. Fiyus ya ƙone, in naɗa masa takardar azurfa ta kwalin sigari. Kan batir ya yi sako-sako, in buga masa ƙusa. Bakanike bai taɓa ganin cikin motata ba, kuma ina alfahari da haka.

Damuwata ɗaya ce a duniya: Luba. Na gan ta a bikin wani abokina a Shagari, muka daidaita, amma mahaifinta ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Babban malamin zaure ne, kuma labari ya iso mini cewa ba ya son ba da 'yarsa ga ɗan boko mai ɗamammen wando. Ga shi wani ɗan kasuwar albasa ya fara kai gaisuwa gidan. Na rame, na daina cin abinci sosai.

A haka na je Dandin Mahe gaida Goggo, yayar mahaifina. Tana ganina ta ce, "Kai, mi ac cinka haka? Ka koma awa kara."

Na sunkuyar da kai na ce wani dattijo ne mai taurin kai ya tare mini hanyar aure. Ta tambaye ni wane ne, a wane gari. Yanzu ku gaya mini, wane ɗan mutunci ne zai buɗe baki ya kama sunan wanda yake fata ya zama surukinsa, a gaban goggonsa kuma? Na yi ta wasa da bakin tabarma, na ce ai wani ne dai can. Goggo ta yi dariya, ta yaba kunyata, ta ce in bar mata sauran.

Bayan kwanaki ta aiko mini da laya, an ɗinke ta cikin jar fata da baƙin zare, da saƙon cewa in ɗaura ta inda hannuna ba ya rabuwa da ita. Nan fa ake yin ta. Ni ne na ishi ofishin malamai da wa'azin cewa laya camfi ce. Abokina Ummaru, malamin lissafi, yana da guda a damtse, kuma babu irin tsiyar da ban yi masa ba. Idan na ɗaura tawa a jiki, ranar da muka fita ƙwallo da yara na shiga uku. Jefar da ita kuma ba zan iya ba, saboda ina son Luba fiye da yadda nake son kimiyya.

Sai dabara ta zo mini. Ina ne hannuna ba ya rabuwa da shi? Sitiyari. Na shiga ƙarƙashinsa, na lalubo wani lungu inda wayoyi suka bi, na ɗaure layar da wayar ƙarfe irin ta ɗaurin shinge, na sa filaya na murɗe tamau don kada gargadar hanya ta kakkaɓe ta. Na fito ina yaba wa kaina.

Tun daga wannan makon hon ya fara magana shi kaɗai. Idan na karya kwana hagu sai ya yi ɗan "fit", kamar mai gyaran murya. Na duba fiyus, na sake masa sabuwar takardar sigari. Na kankare kan batir da yashi, na ƙara masa ƙusa. Na kwance hon ɗin kansa, na busa, na bubbuga shi da dutse, na mayar. Ko'ina na duba ban da wuri ɗaya. (Na san sarai cewa wayar hon ta wannan lungun take bi, kuma da zarar tsirararta ta taɓa ƙarfen mota sai kuka. Ni na koya wa yara irin wannan. Amma zuciyata ta ƙi yarda a tuhumi layar Goggo.)

Ranar da Malam, mahaifin Luba, ya yarda in zo gaisuwa, na ari babbar riga, na zura ta bisa ɗamammen wandon nan, na ɗauki Ummaru ya raka ni. Tun daga Bodinga yake karanta mini ladubba: mu ajiye mota nesa, mu cire takalma, in durƙusa, kada in ɗaga ido, kada a ji muryata sai an tambaye ni. Na ce masa duk na sani.

Muna shiga Shagari na karya kwana hagu zuwa layin gidan, tayar gaba ta faɗa wani rami, sai hon ya ɗauka. Wannan karon bai tsaya gyaran murya ba. Na doki tsakiyar sitiyari, ya ƙara ƙaimi. Lokacin kuwa ana ta shirin zaɓe, duk motar da ta shigo gari da hon an san 'yan siyasa ne, don haka yara suka biyo mu a guje suna ihu, mata suna leƙe ta kan katanga ko za a raba atamfa. Don ruɗewa na manta da maganar tsayawa nesa. Sai da na kai mota har bakin zauren, inda Malam ke zaune kan buzu, dattawa kewaye da shi da littattafai a buɗe, ana tsakiyar karatu.

Na kashe mota, na zare makulli. Hon bai san an yi ba.

"Cire kan batir," in ji Ummaru, yana toshe kunne.

Na buɗe gaban mota na kama kan batir. Ƙusoshin da na buga da hannuna suka ce ba inda za su. Sifanar kwance noti kuma tana gida. Na waiga, na ga an rufe littattafai, kowa ya zuba mini ido, akuyar da ke ɗaure a gindin bishiyar bedi tana neman tsinke igiya.

Abin da ya rage ɗaya ne. Na buɗe ƙofa na cusa kaina ƙarƙashin sitiyari, babbar riga ta tattare a wuyana, ƙafafuna a waje. Wato ni da aka ce kada in ɗaga ido gaban Malam, ga shi na juya masa baya gaba ɗaya, da wandon da ake ƙorafi a kansa. Na fizgi waya ɗaya, fitilu suka kama. Na fizgi wata, waifa ta fara share busasshen gilashi. Can hannuna ya kai kan wayar ƙarfen nan, na ji ta yi zafi, ta ci robar wayar hon ta nutse ciki. Na fincike ta da duk ƙarfina.

Duniya ta yi tsit. Daɗi ya kwashe ni, na fito da baya-baya, na ɗaga hannu sama don kowa ya shaida, na ce, "Ga ta nan. Ga abin da ya jawo."

Sai da na ga bakin Ummaru a buɗe sannan na kalli abin da ke lilo a hannuna.

Malam ya miƙo hannu. Na rarrafa na durƙusa na ba shi. Ya jujjuya layar, ya duba ɗinkin, ya shafa baƙin zaren da babban yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Wagga ai aikina ta," ya ce a hankali. "Wata tsohuwa ta Dandin Mahe taz zo nan, tac ce ɗanta na son a tausasa mai zuciyar wani dattijo mai taurin kai. Har nic ce mata Allah shi shirya dattijon." Ya ɗago ya dube ni. "Yaro, wane na dattijon?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na gode mata. Wani tsoho a gefe ya fara tari, tarin ya rikiɗe ya zama dariya, sai zauren duka ya ɗauka. Ummaru har da zama a ƙasa.

Ɗaya daga cikin dattawan ya share hawaye ya ce, "Allah gafarta Malam, kunyarka ta hana shi hwaɗin sunanka ko ga goggonshi. Wanga ɗa yana da tarbiyya."

Malam ya dube ni, gemunsa yana ɗan motsi. Can ya ce, "To, ni nir rubuta ta. In nih hana shi, mutane su ce aikina bai ci. Ka turo manyanka." Ya miƙo mini layar, ya ƙara da cewa, "Amma in za ka zo gaisuwa, ka bar motarga Bodinga."

Haka aka yi, da ƙafa da motar haya na ƙarasa neman aurena. Ummaru kuwa bai sake jin kalmar camfi daga bakina ba, kuma har muka yi ritaya, duk sanda na fara cika baki a ofis sai ya yi "fit" a hankali.

Luba tana nan, ita ce uwar 'ya'yana, kuma har gobe ban taɓa kama sunan mahaifinta ba. Abin da na koya shi ne, idan abu ya lalace, ka fara duba wurin da ba ka so a duba. Idan kuma za a nema maka taimako a kan mutum, ka daure ka faɗi ko da sunan garinsu ne.