Ranar da Na Naɗa Kaina Malamin Zane

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, kuma tun kafin a tambaya, wawan labarin ni ne.

Shekarar da taki da fetur suka fi ƙarfin talaka ce. Jikata Rabi ta gama difloma a kwaleji, tana son shiga jami'a aji biyu kai tsaye, ta karanta zanen kwamfuta. Sai aka ce akwai kwas ɗaya da ba ta yi ba, zanen hannu. In babu shi, sai ta koma kwaleji ta ƙara zango guda. A wannan tsadar!

Na ce, “Amarya, share hawayenki, mijinki na raye.” (Aji huɗu na yi a firamare, amma huɗun da.) Shekara talatin ina zana alamata ta zakara a buhunan albasa don kada su ɓace a motar Ɗambatta. In wannan ba zanen hannu ba ne, mene ne? Na samu takarda na rubuta cewa Rabi ta sauke kwas ɗin a hannuna da kyakkyawan sakamako, na danna mata hatimin ƙungiyarmu ta manoman rani ta Watari. Sau biyu, don ƙarfi.

Rabi ta roƙe ni in zauna a gida. Na sa babbar riga na bi ta har jami'ar.

Shugabar sashen, wata Hajiya mai tabarau, ta karanta takardar har ƙasa, ta shinshina ta.

“Baba, kai ne malamin?”

“Ni ne, ranki ya daɗe.”

“To ga allo. A ɗan nuna mana.”

Ɗalibai sun cika ofis. Na naɗe hannun riga na zana zakarana, wanda duk ɗan dako ya sani. Na ja baya ina jiran tafi.

Hajiya ta ce, “Wa zai gaya mana abin da Malam ya zana?”

Wani ya ce buta. Wata ta ce a'a, buta ce mai ƙafa. Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska.

Hajiya ta ninke takardata ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce don furfurata ba za ta kira ta jabu ba, amma Rabi za ta koma ta yi kwas ɗin, gurbinta sai baɗi. Na gane ranar cewa hatimin albasa iyakarsa albasa.

Amma bakin tsoho ba ya mutuwa. A mota na ce, “Mutanen nan ba su san zakara ba.”

Rabi ta ce, “Kaka, mu ma a gida tun tasowarmu buta muka ɗauka. Mun zaci tallar yawan alwalarka kake yi.”