Takardar Kora Mai Kumatu

Jama'a, yau da zagi na karya kumallo. Na ɗauki kwanona zuwa wurin Umm Ragab, tsohuwar da ta shekara talatin tana sayar da dafaffen wake a bakin layinmu nan Alƙahira, sai ta yo kaina da ludayi.

"Usta Shahhat! Ba kai ka ce min barka ba?"

Ni na ce, ban musa ba. Amma ku ji yadda aka yi.

Shekara arba'in ina rubuta allunan shaguna, har ake ce min Usta, wato gwanin sana'a, kafin na'ura ta karɓe min sana'a, kuma na san abin da kowace tsohuwa ta sani a unguwar nan: ba sai ka iya karatu ba, siffar rubutu ta ishe ka. Siriri mai ɗaure fuska na hukuma ne, maza nemi mai karanta maka. Mai ƙiba da kumatu kuwa na biki ne, ko buɗe shagon alewa.

To, ashe Masu Girma Iyayen Gari, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, sun lura talaka na tsoron takardunsu. Sai suka kafa kwamitin zaɓen rubutu mai fara'a. Wata huɗu suna zama! Wanzamina Gaber ya ce har bakin teku suka tafi, wai a can aka fi gane kyawun harafi.

Kwana goma da suka wuce aka manna wa rumfar Umm Ragab takarda rawaya, haruffa ɓul-ɓul kamar jariran da suka ƙoshi. Ta rangaɗa guɗa, wai lambar yabo ce. Na zo wucewa babu tabarau, na ce, "Barka, Hajiya! Rubutu irin wannan ba ya kawo sharri." Ranar kyauta ta raba wake. Masu iya karatun duk baki ya cika, ido na kan kwano.

Abin da takardar ta ce: za a rushe rumfar a shuka furanni, mai ƙorafi ya kawo cikin kwana bakwai.

Kunya ta kore ni har ofishin. Na ce wa wani mai tumbi, "Ranka ya daɗe, tsohuwar nan ba ta san kora ba ce."

"Baba, dubi harafin nan," in ji shi, "kamar zai rungume ka! Tun da muka koma kansa, ƙorafi ko ɗaya bai shigo ba."

Kai, madalla! Wanda ya iya yanka, ko akuya ba ta kuka.

Na dawo na tarar tana ɗaure kaya, don gobe za a zo rushewa. Na kama mata tukunya, wallahi raina a ɓace.

"Ba rumfar ce ta fi ƙona min rai ba," ta ce. "Hoto na sa aka ɗauke ni a gaban takardar, ina washe baki, aka tura wa ɗana can wurin haƙar mai a sahara. Sai jiya ya gani. Shi ya karanta min ta waya, yana kuka."

Na ɗora tukunyar kan sauran kayan, na ci gaba da taya ta ɗauri.

Af, Gaber ya ce kwamitin ya sake zama. Launin katafila suke zaɓa yanzu, kuma ruwan hoda ne a gaba.