Kirarin da Ya Fita a Lasifikar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya buɗe mangazarsa, wato babban shagon siminti, a Malbaza ba. Ko na so in manta ma babu hali, domin an rubuta mini ita da fenti a bayan mota. Amma bari in ɗauko maka zancen daga tushe.

Sana'ata murya ce. Idan kana zaune a Konni ka kunna rediyo ka ji ana tallar irin albasa ko taki, ko kuwa lasifikar mai maganin ƙwari ta hana ka sakat a kasuwar Tsarnawa, to da wuya in ba ni ba ne. Ina yin muryar tsoho, ina yin ta manomi, ina yin ta babban ma'aikacin buro, ɗan ofis wanda bai taɓa riƙe hauya ba. Ba yabon kai ba (ko da yake za ka ga ni da yabon kai mun daɗe tare), daga Konni har Illela ban ga wanda ya kamo ƙafata ba. Wurin aikina tsohon ɗakin ajiya ne a gidanmu, na jingina katifu a bango don kada kukan akuyar maƙwabta ya shiga tallar mutane.

Kowa ya yarda da sana'ar nan ban da mutum ɗaya: Alhaji, mahaifin matata Balki. Shi mutumin motoci ne, ya tsufa yana jigilar siminti, kuma a wurinsa duk abin da ba a ɗora shi a mota ba, ba aiki ba ne. Ya ba ni 'yarsa, bai taɓa yi mini gatsali ba, amma idan abokansa suka tambaye shi abin da mijin Balki ke yi, sai ya ce, "Shina nan dai, shina magana." Wannan amsa ta daɗe tana ci mini rai. Abin da nake nema a duniya bai wuce in ji Alhaji ya nuna ni a cikin mutane ya ce ga surukinsa ba.

To ina da wata ɗabi'a da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na tashi ina bin mahaifina filin kokowa, kuma tun ina yaro maƙogwarona ba ya buɗewa sai na yi wa kaina kirari irin na 'yan kokowa. Sai in danna maɓallin ɗauka, in daki ƙirji, in zuba kirari har jini ya hau, daga nan in zarce cikin talla ba tare da na tsaya ba. Daga baya in zauna ni kaɗai in yanke kirarin in jefar. Haka nake yi shekara da shekaru, asirina a rufe (Balki ta ce tana ji ta bango tun muna amarci, kunya ce kawai ta hana ta magana).

Da aiki ya yi mini yawa, sai na je wani taron horar da masu ƙananan sana'o'i, inda aka koya mana cewa mai sana'a na ƙwarai ba ya yin komai da hannunsa, raba aiki yake yi. Maganar ta shige ni sosai. Na dawo gida na naɗa kaina darekta. Balki ta karɓi waya da tsara masu zuwa. Ƙanwata ta karɓi muryoyin mata, na huta da matse hanci. Gyaran sauti da kai aiki ga masu shi kuwa na danƙa wa Idi, ɗan kawuna, mai gyaran waya a bakin tasha. Idi gwani ne, wannan ba gardama. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne taubashina ne, tun muna yara ba shi da abin nishaɗi kamar ya ga na ji kunya, kuma al'ada ta ba shi wannan dama, babu mai ce masa don me.

Da farko ni nake yanke kirarin kafin in tura masa. Wata rana ya cire mini wani "to!" da nake ji da shi a tallar taki, ya ce ya yi yawa. Na zaunar da shi na yi masa huɗuba irin ta darektoci. Na ce daga yau tari da numfashi kawai zai cire, kada ya kuskura ya taɓa mini ko kalma ɗaya, domin duk abin da ya fito daga bakina na san dalilinsa. Idi ya ce ya ji, ya kuma riƙe.

Ana nan sai Balki ta zo mini da albishir: Alhaji zai buɗe mangaza, kuma ya ce a gaya wa mai maganar nan ya yi masa talla da za a sa ranar buɗewa. Ranar ban ci abincin kirki ba saboda murna. Washegari bayan asuba na shiga tsakanin katifuna, na danna maɓalli, na yi kirarin da ban taɓa yin irinsa ba, sannan na zarce na yi tallar da har yau nake alfahari da ita. Ina gamawa mai albasa ya iso da nasa aikin. Cikin sauri na tura wa Idi abin yadda yake, ɗungurungum, na manta shaf da abin da ke gabansa.

A yi wa Idi adalci, ya kira ni. Ya ce in zo in saurara kafin ya kai. Na ce ba ni da lokaci. Ya sake kira da yamma, muryarsa wani iri, kamar mai danne atishawa.

"Darekta, ka tabbata ba ka son ji? Ban taɓa ko kalma guda ba, awa yadda kac ce."

Na ce masa abin da ya sa na ɗauke shi ke nan, darekta ba ya bin bayan ma'aikaci yana leƙe. Na kashe waya ina jin kaina.

Ranar buɗewa an kafa rumfuna a bakin hanya. Malamai sun zo, direbobin Alhaji sun zo, dattawan Tajaye, garin haihuwarsa, sun cika tabarmin gaba. Ni kuwa na sha babbar riga na zauna can baya, kaina a ƙasa kamar yadda ya dace da suruki, amma kunnuwana a tsaye. Aka yi addu'a aka shafa, aka raba goro da dabino. Alhaji ya ɗaga hannu, Idi ya kunna lasifika.

Abin da na fara ji ganga ce. Na ce a raina, ban sa ganga ba, amma ba laifi, yaron nan ya fara kawo dabara. Sai muryata ta fito, tas, babu tari babu numfashi:

"Ni at tsawa ta Konni! Ni am mai murya, in na yi magana rediyo shi yi zuhwa! Ni am mijin Balki! Ni as surukin Alhaji, ko shina so ko bai so!"

Kuma Idi, don aikin ya yi kyau, ya sa wa ƙarshen amsa-kuwwa. Duk Malbaza ta ji: ko bai so, bai so, bai so.

Wallahi na ji kunya irin wadda ban san akwai ta ba. Gumi ya keto mini tun daga hula har takalmi. Wani malami ya tsaya da dabino a bakinsa. Direbobi suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Tallar siminti ta biyo baya, mai kyau ƙwarai, amma na tabbata ko mutum ɗaya bai ji ta ba. Na duba hagu na duba dama ina neman hanyar gudu, sai na ga babbar rigar da na sa don a gan ni ta hana ni ɓuya.

Lasifika ta yi shiru. Kowa ya zuba wa Alhaji ido. Shi kuwa ya ci gaba da tauna goronsa a hankali, kamar ba da shi ake ba. Can ya juya wurin amininsa da ke gefe, ya tambaya da ƙarfi yadda kowa zai ji, ko mai muryar nan shi ne yaron da ke zuwa gaishe shi kullum kai a ƙasa, murya kamar ta mai zazzaɓi. Aka ce shi ne. Alhaji ya girgiza kai, ya share baki. Bai dube ni ba, domin ba a haka tsakanin surukai.

"Ashe surukin nau shina da baki. To a hwaɗa mishi ina so."

Wuri ya kece da dariya, har dattawan Tajaye. Ni dai ina sunkuye ina kallon tabarma, hawaye na neman zubowa, ban san na kunya ne ko na daɗi ba. Kalmar da na yi shekaru ina jira ta fito a gaban jama'a, kuma ga hanyar da ta biyo.

Da aka watse na kama Idi a bayan rumfa. Bai ko yi ƙoƙarin gudu ba. Ya ce tari ya cire, numfashi ya cire, kalma ko ɗaya bai taɓa ba, ganga kuwa kyauta ce daga gare shi. Dole na sake shi, domin umarnina ya bi sak.

Ba a daɗe ba direbobin Alhaji suka kai sabuwar motar siminti wurin mai fenti. Yanzu idan kana kan hanyar Malbaza zuwa Konni, ka ga wata babbar mota an rubuta mata KO SHINA SO KO BAI SO a baya, to ka san tarihinta. Yara a unguwa ma da sunan suke kirana, kuma ina amsawa.

Har yau ina raba aiki, Idi kuma na nan a wurinsa, don babu kamarsa. Kirari ma ban daina ba, sai dai yanzu ina gamawa kafin in danna maɓalli. Abin da na koya shi ne, darekta na iya ba da kowane aiki ga wani, amma ban da kunnensa. Kuma duk ranar da taubashinka ya kira ka da ladabi ya ce ka zo ka saurara, ka ajiye abin da kake yi ka tafi da gudu.