Ƙarar 'Ya'yan Kwaɗi a Gaban Ranka Ya Daɗe

Jiya na yi awa uku a kan benci, a ƙofar ofishin Ranka Ya Daɗe mai rabon kayan gona, da bokitin mai ɗakina a cinya. A ciki akwai 'ya'yan kwaɗi goma sha ɗaya, su ne ragowar zuriyar kududdufin da ke bayan lambuna. Masinja ya leƙa ya ce, "Baba, ba ma karɓar gaisuwa tana motsi."

Ga asalin maganar. Da fumfuna ta faɗa wa tumatirinmu, aka yi mana alkawarin maganin feshi, kuma, a yi wa manya adalci, wata biyu kacal ya makara. An ce kowace kwalba da ɗan kofin awonta. Kwalabe sun iso, kofunan suna hanya har yau. Takardar jikin kwalba kuwa an liƙe ta da hoton Ranka Ya Daɗe yana murmushi, daidai wurin da aka rubuta yawan da za a zuba.

Sai muka auna da gwangwanin madara. Maƙwabcina, Sarkin Shawara, ya ce, "Zuba biyu, yaya, ai kyauta ne." Na zuba biyu. In na gama, na ɗauraye famfon feshin a kududdufi, kamar yadda nake wanke fartanya shekara talatin.

Kafin mako uku, ruwan da ya saba yin baƙi da 'ya'yan kwaɗi ya koma fayau. Waɗanda suka tsira jelarsu ta karkace, lokacin fitar ƙafa ya wuce ba ƙafa. Wani tsohon malamin gona ya ce mini fatarsu ba ta tare komai, abin da ke ruwa shi ke jikinsu. Tun ranar raina bai kwanta ba. Hoto dai bai ɗauraye famfo ba; hannuna ne.

Da aka shigar da ni gaban Ranka Ya Daɗe, na roƙi abu biyu: a gaya wa masu lambu ma'auni, a hana su wanke famfo a kududdufi.

"Kwaɗin sun kawo ƙara a rubuce?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ko ƙafar zuwa ba su samu ba."

"Yanzu suna kuka?"

"Ko ɗaya."

Ya juya ga sakatarensa. "Rubuta: a bana an shawo kan hayaniyar kwaɗi a yankin lambu." Sannan ya sallame ni da kyautar wata kwalbar. Wa ya ce manya ba sa jin koke?

A gida na ɗora tsumma mai laima a kan hoton har murmushin ya ɓare. A ƙarƙashinsa an rubuta: murfi ɗaya, kuma kada ya kusanci tafki ko rafi. Na bi lambu-lambu ina karantawa. Sarkin Shawara ya ce shi dama zuciyarsa ta ba shi.

Mai ɗakina ta ba ni wa'adi: "Malam, ko su yi ƙafa su kama gabansu, ko ka koma wanka da su." Yau da safe na duba, sai ga ɗaya ya fid da ƙafafun baya, sirara kamar zare, yana gwada su.

Don Allah, mai karatu, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. In ta kai ofis, za a zo da ayarin motoci a ƙaddamar da ƙafafun, a liƙa wa bokitin hoto.