Yadda Za Ka Zaɓa Wa Shagunan Surukinka Manhaja Ka Tsira Da Kujerarka

Surukinka na da shagunan fenti huɗu, ya ba ka manaja albarkacin 'yarsa. Ga injiniya ya zo da tambaya: a ɗora manhajar ciniki a kwamfuta ɗaya a babban shago, rassa su riƙa aiki da ita ta intanet, ko kowane reshe a sa masa tasa? Ban yi boko mai nisa ba, amma bi ni, kujerarka ko motsi ba za ta yi ba.

1. Gyaɗa kai.
Injiniya zai yi ta zana akwatuna da kibiyoyi. Kada ka tambayi komai. Ka ce dama tunaninka ke nan.

2. Auna ta tsakiya, wato ta babban shago.
Gyara ɗaya ya wadaci kowa. Amma ran da ta mutu, shaguna huɗu sun mutu tare, kuma teburinka ne kusa da gawar.

3. Auna ta rassa.
Ko sabis ya ɗauke, ciniki na tafiya. Sai dai Dogo na reshen kasuwa ba ya sabunta komai, wai abin da ke aiki ba a tsokanarsa. Kwamfutarsa za ta yi ta nuna fentin da ya ƙare tun bara. Ƙanin matarka ne, ba ka isa ka yi masa tsawa ba.

4. Kada ka zaɓa.
Manaja mai hankali ba ya yanke hukunci, ɗauko shi yake yi. Jira tsohon ya ci ya ƙoshi, ka durƙusa: "Baba, mu yara ne, wannan sai manya." Zai ce yana son komai a gaban idonsa. Ta tsakiya ke nan, da bakinsa. Ka tabbata direbansa na wurin ya ji.

5. Tsare soket.
Baba ba ya fita ya bar abu a jone. Fanka, firji, duk sai ya zare. Ran da ya haɗa da kwamfutar, rassa za su dame ka da waya, masu saye sun cika ƙofa. Zai dawo ya tambaya, wane mara kai ne ya kawo wannan shawara? Ka kalli direba. Direba zai kalli silin. Sai ka ce, "Ni ne, Baba."

Abin da ya biyo baya, ba ruwana, ban san ka ba. Mai ƙorafi ya same ni a sito, ina kan bokitin fenti kusa da ƙofa. Shi ma wurin, sai da matata ta je wa Baba da kuka kafin na samu.